Da me ake auna gwanintar mai duka a wasan kurket na kwana biyar?

Ɗan Kallo ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna bibiyar wasan kurket ce, musamman nau'in da ake kira tes, wanda ƙasashe biyu ke kwashe har kwana biyar suna fafatawa, kowace tawaga da zubi biyu na duka, wato sau biyu take shiga dukan ƙwallo don tara maki, ɗaya tawagar na jifa tana neman fitar da 'yan wasanta. Abin da aka fara koya mini shi ne cewa matsakaicin maki ne ma'aunin mai duka, wato wanda ya kai 40 gwani ne, wanda ya haura 50 kuwa ya shiga sahun manya. To amma da na duba jerin 'yan wasan da suka fi kowa matsakaici, sai na tarar Adam Voges na Ostireliya yana da 61.87, alhali Sachin Tendulkar na Indiya yana da 53.78, Brian Lara na West Indies (tawagar ƙasashen Karebiyan) yana da 52.88, Viv Richards na wannan tawagar kuma 50.23. Ban taɓa jin wani ya ce Voges ya fi ɗaya daga cikin waɗannan ukun ba, ko da da wasa. Idan wannan lamba ba ta iya bambanta su, mene ne amfaninta, kuma da me masana ke yanke hukunci? Ina neman ƙarin haske, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Misalin da ka ɗauko ya isa ya nuna inda lambar take da rauni, amma sai an fara sanin yadda ake fitar da ita. Ana tara dukan makin da ɗan wasa ya ci, sannan a raba da yawan lokutan da aka fitar da shi, ba da yawan zubin da ya shiga ba. Duk zubin da ya ƙare yana tsaye ba a fitar da shi ba, makinsa na shiga lissafi, amma abin da ake rabawa da shi ba ya ƙaruwa.

Voges ya buga wasa 20 ne kacal, ya ci maki 1,485, an fitar da shi sau 24. A cikin waɗannan maki, 542 ya same su ne a kan West Indies a shekarar 2015, lokacin da ƙarfin tawagar ya ragu ƙwarai, kuma sau ɗaya tak suka iya fitar da shi: ya ci 130 a wasansa na farko, ya ci 269 a Hobart, ya ci 106 a Melbourne, duk ba a fitar da shi ba. Idan ka ware waɗannan wasanni gefe, abin da ya rage shi ne maki 943 a fita 23, wato matsakaicin 41 daidai. A cikin shekarar nan ɗin ya je Ingila ya buga wasa biyar, ya tashi da maki 201, matsakaicin da bai kai 29 ba. Wannan ba zargi ba ne a kansa, domin sai da ya kai shekara 35 kafin a ba shi dama, kuma ya cinye duk abin da aka ɗora masa a gabansa. Sai dai Tendulkar ya buga wasa 200 daga 1989 zuwa 2013, ya fara yana ɗan shekara 16 a Karachi, ya tara maki 15,921, kuma ya riƙe matsakaicinsa duk da ciwon gwiwar hannu da tsufa da sauyin masu jifa har tsara uku. Lambobin biyu suna kama da juna a takarda, amma ba nauyinsu ɗaya ba.

Abu na biyu da nake dubawa, wanda a ganina ya fi komai tona asiri, shi ne abin da mutum ya yi a wajen ƙasarsu. Kurket ba kamar ƙwallon ƙafa ba ne, domin ƙwallon tana dukan ƙasa kafin ta iso wurin mai duka, saboda haka yanayin ƙasar filin shi ne rabin wasan. A Ingila akwai danshi da gajimare da ciyawa, ƙwallon tana karkacewa a iska kafin ta sauka. A Ostireliya da Afirka ta Kudu ƙasar tana da tauri, ƙwallon na tasowa har ƙirji da wuya. A Indiya da Sri Lanka kuwa ƙasar busasshiya ce, tana farfashewa yayin da kwanaki ke tafiya, sai masu murɗa ƙwallo, wato masu jifa a hankali da ke sa ta juya bayan ta daki ƙasa, su mamaye wasan. Wanda ya tashi a kan ɗaya daga cikin waɗannan sai ya sake koyon sana'arsa idan ya je ɗayan.

David Warner misali ne mai kyau. Matsakaicinsa a gida Ostireliya ya haura 57, amma a waje bai kai 35 ba, kuma har ya yi ritaya bai ci ɗari, wato maki 100 a zubi ɗaya, a wasan tes a Ingila ko a Indiya ba. A gasar Ashes ta 2019, wadda Ingila da Ostireliya ke karawa, ya shiga zubi goma ya tashi da maki 95 gaba ɗaya, Stuart Broad kaɗai ya fitar da shi sau bakwai, sannan bayan 'yan watanni ya koma Adelaide ya ci 335 a kan Pakistan ba a fitar da shi ba. Mutum ɗaya ne, shekara ɗaya ce. Hatta Ricky Ponting na Ostireliya, wanda ba a tababa a kan girmansa, matsakaicinsa a Indiya 26 ne da 'yan kai, kuma a ziyarar 2001 maki 17 ya samu a zubi biyar, Harbhajan Singh ne ya fitar da shi a dukkansu. Tendulkar kuwa matsakaicinsa a waje ya ɗan ɗara na gida, kuma 29 daga cikin ɗari-ɗari 51 da ya ci a ƙasashen mutane ya ci su, har da 114 da ya yi a Perth a 1992 yana ɗan shekara 18, a filin da ya yi suna wajen tashin ƙwallo.

Kada kuma a manta da gurbin da mutum ke shiga. Masu buɗe zubi su ne ke fuskantar sabuwar ƙwallo mai ƙyalli da tauri, a hannun masu jifa da ba su gaji ba. Michael Atherton na Ingila ya ƙare da matsakaicin 37.69 a wasa 115, lambar da ba za ta burge kowa ba, amma Glenn McGrath ya fitar da shi sau 19, Curtly Ambrose sau 17, Courtney Walsh ma sau 17, wato ya kwashe rayuwarsa yana tarar waɗannan mutane da sabuwar ƙwallo. Ni ba zan sa shi a sahun Lara ba, amma ba zan yarda a ce duk wanda ya kai 45 yana shiga na biyar ya fi shi ba.

Mai Sauraron Rediyo ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani. Ina so in ƙara abu guda da ba ya fitowa ko an raba lambobin gida da na waje, shi ne halin da wasan yake ciki a lokacin da aka ci makin. Lara da ka ambata, ɗana, shi kaɗai ya isa hujja. A 2004 ya ci 400 a Antigua a kan Ingila ba a fitar da shi ba, kuma har yau babu wanda ya kai wannan a zubi ɗaya na wasan tes. Amma a lokacin Ingila ta riga ta cinye wasanni uku na farko, filin ya kwanta lumui babu abin da yake taimaka wa masu jifa, wasan kuma ya ƙare canjaras. Shekara biyar kafin nan, a 1999 a Bridgetown, ya ci 153 a kan Ostireliya ba a fitar da shi ba, a zubi na huɗu, ana neman maki 308, a gaban McGrath da Gillespie da Shane Warne, abokansa suna ta zubewa har ya rage daga shi sai Walsh, wanda kowa ya san duka ba sana'arsa ba ce. West Indies ta ci wasan da mutum ɗaya da ya rage mata, kuma wannan tawaga ce aka fitar da ita gaba ɗaya a kan maki 51 a wasan farko na jerin. A lissafin matsakaici, 400 ta ninka 153 fiye da sau biyu da rabi, amma ka tambayi duk wanda ya san wasan wanne ne ya fi, ka ji amsar da zai ba ka.

Haka labarin Graham Gooch na Ingila yake a karawa da West Indies a Headingley a 1991. Ya buɗe zubi, ya ga fitar dukan abokansa goma, ya ƙare da 154 daga cikin 252 da Ingila ta tara, wanda ke biye masa a zubin bai wuce 27 ba, masu jifa kuwa su ne Ambrose da Malcolm Marshall da Walsh da Patrick Patterson a ƙarƙashin gajimare. Matsakaicin Gooch a rayuwarsa 42.58 ne, amma mutane ƙalilan ne a tarihin wasan za su iya yin abin da ya yi a wannan mako.

Akwai kuma aikin da ba maki ake nema da shi ba, lokaci ake so a kashe. Atherton ɗin da Malam ya ambata ya tsaya minti 643 a Johannesburg a 1995, ya ci 185 ba a fitar da shi ba, ya hana Afirka ta Kudu nasarar da ta riga ta sa rai da ita. Rahul Dravid na Indiya ya fuskanci ƙwallo 31,258 a rayuwarsa ta wasan tes, babu wanda ya kai shi. Lokacin da Indiya ta fara cin jerin wasanni a Ostireliya a kakar 2018 zuwa 2019, Cheteshwar Pujara ya ci maki 521, amma abin da ya karya lagon masu masaukin shi ne ƙwallo 1,258 da ya sa suka jefa masa, har ƙafafun masu jifansu suka yi nauyi, waɗanda ke biyo bayansa suka tarar da tsohuwar ƙwallo da gajiyayyun mutane. Wani ɓangare na makin da abokansa suka ci nasa ne, sai dai ba a rubuta shi a gaban sunansa.

Ina kuma girmama wanda ya yi fice a cikin tawaga mai rauni, domin shi ba ya da wanda zai jingina da shi, kuma masu jifa sun san idan suka fitar da shi aiki ya ƙare. Andy Flower na Zimbabuwe ya ƙare da 51.54 alhali shi ne mai tsaron baya, wato mai kama ƙwallo a bayan mai duka, kuma a Harare a 2001 ya ci 142 a zubi na farko da 199 a na biyu ba a fitar da shi ba, amma duk da haka Afirka ta Kudu ta ci wasan. Ni a wurina wannan 51 ta fi ta wanda ke shiga fili bayan manyan gwanaye uku sun riga sun tara wa tawagarsa maki 300.

Malama Mai Lissafi ta amsa:

Ina gaishe da Malam da Baba. Na yarda da yawancin abin da suka faɗa, amma ina jin tsoron kada mai tambaya ya tashi da tunanin cewa matsakaici abin yarwa ne, a koma dogaro da zubin da ya fi zama a zuciya. Ƙwaƙwalwa tana da son kai, tana riƙe rana ɗaya mai daɗi ta zubar da ranaku talatin na fita da wuri. A Durban a 2019 Kusal Perera na Sri Lanka ya ci 153 ba a fitar da shi ba, a gaban Dale Steyn da Kagiso Rabada, ana neman 304, kuma shi da mutum na ƙarshe suka haɗa maki 78 suka ci wasan. Wannan zubi ba ya jin kunyar tsayawa kusa da na Lara, har lambar ma ɗaya ce. Amma matsakaicin Perera a wasan tes kusan 31 ne, kuma babu mai sa shi a sahun manya. Abin da ya sa muke ɗaukar 153 ta Lara a matsayin shaidar girmansa shi ne maki 11,953 da ke bayanta, da 213 da ya ci a Jamaika a wasan da ya gabace ta, da 688 da ya ci a wasa uku a Sri Lanka a 2001 a gaban Muttiah Muralitharan alhali tawagarsa ta sha kashi a dukkan ukun. Rana ɗaya tana nuna iyakar abin da mutum zai iya, ba ta nuna abin da kyaftin zai iya sa rai da shi kowane mako.

Batun rashin fita ma ina ganin ana wuce gona da iri a kansa. Gaskiya ne Shivnarine Chanderpaul na West Indies ya ƙare zubi 49 ba a fitar da shi ba, Lara kuwa 6 kacal, kuma idan aka raba makinsu da yawan zubi Lara zai haura 51, Chanderpaul ya faɗo kusan 42, ko da yake matsakaicinsu na hukuma kusan ɗaya ne. Wannan yana nuna cewa Lara ya fi kawo wa tawagarsa maki a kowane zubi, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma kuskure ne a ɗauka cewa rashin fita kyauta ce. Lokacin da ya fi hatsari ga mai duka shi ne farkon shigarsa, kafin idonsa ya saba da ƙwallon. Wanda ya kai 60 ya zauna daram, sai abokansa suka ƙare aka tashi, an raba shi ne da makin da suka fi sauƙin samu, gobe kuma zai sake farawa daga sifili. A dogon zango, wannan asara da waccan riba suna kusan cinye juna. Abin da ya kumbura lambar Voges ƙarancin wasanni ne da raunin abokin karawa ɗaya, ba tsarin lissafin ba.

Shawarata ita ce a yi amfani da lambobi wajen binciken labarin da ake yaɗawa, ba a jefar da su ba. Ana yawan cewa Sunil Gavaskar na Indiya ya ci ɗari sau 13 a kan West Indies ba tare da hular kwano ba, sai mai sauraro ya zana hoton mutum yana tarar masu jifa mai zafi Holding da Roberts da Garner da Marshall a dukkan lokutan. Idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya, huɗu ya ci su ne a 1971, kafin ko ɗaya daga cikin waɗannan ya fara wasan tes, huɗu kuma a kakar 1978 zuwa 1979, lokacin da manyan 'yan wasan West Indies suka tafi gasar da attajiri Kerry Packer ya shirya. Biyar ne suka zo a gaban jifa mai zafi na gaske, har da 236 da ya ci a Madras a 1983 ba a fitar da shi ba. Biyar ɗin nan ma sun ishe shi girma, domin mutane da yawa ba su samu ko ɗaya ba a wancan zamani, amma lambobi ne suka daidaita mana labarin, ba tunawa ba.

Ɗan Kallo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, na ƙaru. Sai dai akwai abin da ya rage mini. Idan yawan wasanni da yawo a ƙasashe su ne sharaɗi, yaya za a yi da Don Bradman na Ostireliya, wanda na karanta cewa a Ingila da Ostireliya kawai ya buga wasan tes? Kuma me ya sa ake girmama Graeme Pollock na Afirka ta Kudu mai wasa 23 da George Headley na West Indies mai wasa 22, alhali an rage wa Voges daraja saboda wasa 20?

Tsohon Malami ya amsa:

Abin da ka karanta gaskiya ne, ɗan'uwa. Bradman ya buga wasa 52 tsakanin 1928 da 1948, 37 daga ciki da Ingila, kuma bai taɓa buga wasan tes a Indiya ko Afirka ta Kudu ko tsibiran Karebiyan ba. Amma a nan ma lambobi ne ke aiki kamar yadda Malama ta ce, sai a auna mutum da tsaransa waɗanda suka taka filaye iri ɗaya, a zamanin da ba a rufe tsakiyar fili idan an yi ruwan sama, kuma babu hular kwano. Manyan gwanayen zamaninsa, irin su Wally Hammond da Herbert Sutcliffe da Headley, sun tsaya ne tsakanin 58 da 61, shi kuwa ya ci maki 6,996 a fita 70, wato 99.94. Ingila ita ce tawaga mafi ƙarfi da zai iya karawa da ita, kuma a ƙasarta ya ci maki 974 a jerin wasannin 1930, adadin da har yau ba a kai shi ba. Da Ingila ta ƙirƙiro dabarar jifan jiki a kakar 1932 zuwa 1933 musamman domin ta daƙile shi, aka ce ta yi nasara, matsakaicinsa a jerin 56.57 ne, wanda ya ɗara na rayuwar Tendulkar. Tazarar ta yi faɗin da rashin zuwa Indiya ba zai iya cike ta ba, ko da an ɗauka cewa da ya je zai sha wahala irin ta Ponting.

Pollock da Headley kuwa, ƙarancin wasanninsu ba daga gazawarsu ya zo ba, kuma wasannin sun bazu a shekaru da ƙasashe. Pollock yana da shekara 26 aka daina wasa da Afirka ta Kudu a 1970 saboda mulkin wariyar launin fata, bayan ya ci 125 a Trent Bridge a 1965 a ranar da ƙwallo ke wahalar da kowa, da 274 a kan Ostireliya a Durban, sannan ya ci gaba da tara maki a wasannin cikin gida har shekarun 1980. Headley ya ci ɗari sau 10 a wasa 22, ya ci a Ostireliya, ya ci a Ingila, har da ɗari a kowane zubi a filin Lord's a 1939, a tawagar da kusan shi kaɗai ke ɗauke da ita, kafin yaƙin duniya na biyu ya cinye shekarun ƙarfinsa. Duk da haka ina sa su a wani aji dabam da na Tendulkar da Jacques Kallis da Kumar Sangakkara, domin ba a gwada su da abin da aka gwada waɗannan ba, wato shekara goma sha biyar ko fiye na masu jifa suna nazarin rauninka suna dawowa da sabuwar dabara. Voges kuwa dukan wasanninsa 20 sun faɗo ne cikin shekara ɗaya da rabi, kuma da aka kai shi Sri Lanka a 2016 masu murɗa ƙwallo suka takura shi, sannan Afirka ta Kudu ta zo Ostireliya ta ci wasa biyu a jere, aka ajiye shi kafin shekarar ta ƙare.